Wasiƙa Daga Firenze: Sabon Injin Kofin da Na Je Na Gani

Firenze, ƙarshen Nuwamba 2022

Mutumina,

Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? A saƙonka na baya ka ce ƙafar ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida shan hantsi, to Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne, kuma don Allah in ka shiga wajenta ka durƙusa ka gaishe min da ita da kyau, ka ce mata addu'ar da take yi mana tana isowa har nan. Na san yanzu hunturu ya fara leƙo ku, ƙura ta fara sauka a kan gilashin mota, yara sun fara ƙin wankan safe. Mu nan ruwa ne da sanyi, rana tana faɗuwa tun ƙarfe biyar ba ta yi ba, ga kuɗin wuta da na gas sun yi tashin gwauron zabi bana saboda yaƙin Yukren, har sai mutum ya yi lissafi kafin ya kunna abin ɗumama ɗaki. Amma dai alhamdu lillahi, ana cikin rufin asiri.

To, abin da ya sa na zauna na rubuto maka doguwar takarda maimakon in bar maka saƙon murya kamar yadda muka saba, shi ne maganar nan da ka daɗe kana yi min, cewa duk ran da na ga injin espresso na gida wanda ya kwanta min a rai in ba ka labarinsa dalla-dalla, kada in taƙaita. To ga shi an samu. A cikin watan nan kamfanin La Marzocco na nan garin ya fito da wani sabon ƙaramin inji da ya sa wa suna Linea Micra, kuma mai wani shago da nake sayen kofi a wajensa, dattijo ne mai sakin fuska, ya samu guda ya ajiye don masu son gani, har ya bar ni na sa hannu na haɗa da kaina. Ganin farko ne zan ba ka, irin na wanda ya tsaya gaban abu ya shafa shi ya ɗanɗana abin da ya fito daga cikinsa, kuma na san halinka, kai da tun muna yara ba ka barin rediyo ta zauna lafiya sai ka kwance bayanta ka ga abin da ke ciki, don haka har cikin injin zan shigar da kai.

Abin da ya fara kama min ido ƙanƙantarsa ce. Faɗinsa santimita 29 ne kacal, wato zai zauna a gefen teburin kicin ya bar wa uwargida wurin yanka albasarta, amma da na sa hannu zan ɗan matsar da shi sai na ji ya ƙi, domin kilo 19 ne cur, kusan duka ƙarfe. Wanda na gani ja ne, jan da ke ɗaukar ido, kuma akwai fari da baƙi da rawaya da shuɗi mai haske, da na ƙarfe zalla mara fenti. Siffarsa murabba'i ce, ba lanƙwasa ba ado, an kwaikwayo ta ne daga babban injin kamfanin mai suna Linea wanda ya fito a 1990, wanda in ka shiga gidajen shan kofi a ƙasashe da dama za ka tarar da shi kwance a kan kanta yana aiki tun safe har dare. A 2015 sun yi masa ƙane na gida, Linea Mini, mai kilo wajen 30, to wannan na yanzu shi ne autansu. A gabansa akwai agogo biyu masu allura, ɗaya na matsin tururi ɗaya na matsin ruwan kofi, sai murfin buɗe tururi a gefe guda, na ruwan zafi a ɗaya gefen, sai ɗan hannu guda a tsakiya da ake turawa gefe ruwa ya sauko, a mayar da shi ya tsaya. Iyakar abin ke nan.

Bari in ɗan kauce in ba ka labarin masu shi, don na san kana son sanin asalin abu. 'Yan'uwa biyu ne, Giuseppe da Bruno Bambi, suka kafa kamfanin a nan Firenze a 1927, kuma zakin da ke jikin tambarinsu shi ne zakin garin, wanda yake zaune ya dafa garkuwa da hannu guda. Na Donatello na asali yana gidan tarihi na Bargello, kwafinsa kuma yana tsaye a dandalin Signoria, ina wuce shi duk lokacin da na bi ta tsakiyar gari, in Allah Ya kawo ka sai na kai ka ka gan shi. A zamanin da suka fara, tukunyar injin kofi a tsaye take kamar hasumiya, mai haɗawa yana zagaya ta, to Giuseppe ne ya yi rajistar dabarar kwantar da ita a 1939, aka jera bakunan a layi ɗaya, mutum ya tsaya wuri guda yana aiki yana hira da mai saye. Yanzu masana'antarsu tana Scarperia, a yankin Mugello da ke arewa da nan, garin da ya yi suna tun da daɗewa wajen ƙirar wuƙaƙe, kuma har yau da hannu ake harhaɗa injinan. Wannan maganar ta hannu ita ce ta fi tsaya min, zan dawo kanta.

Ka san dai espresso ba wani irin kofi ba ne daban, hanyar dafawa ce. Ana niƙa gasasshen kofi ya yi laushi sosai, a zuba kamar giram 18 a ɗan kwanon ƙarfe mai ƙananan huji a gindi, a danne shi ya zauna daram, sannan a tura ruwan zafi ta cikinsa da ƙarfin tsiya, abin da zai sauko bai fi giram 36 ba, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Injinan farko, irin wanda Luigi Bezzera ya yi wa rajista a Milan a 1901, da tururi suke tura ruwan, matsin kaɗan ne zafin kuma ya yi yawa, sai kofin ya fito da ɗacin ƙuna. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya kawo injin da ake ja wa dogon hannu, wani ƙarfe mai tsalle a ciki ya matse ruwan, a nan ne aka fara ganin kumfar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da suke kira crema tana kwanciya a saman kofi. A 1961 kuma kamfanin Faema ya fito da E61, wanda ya sa famfon lantarki ya riƙe matsin a bar 9, wato ninki tara na nauyin iskar da ke kanmu, kuma tun daga nan har yau a kan wannan lambar ake tafiya. To duk wannan doguwar tafiya, mutumina, neman abu biyu ake yi, kada zafin ruwa ya motsa kuma kada matsi ya motsa, domin digiri biyu ko uku in suka sauka kofin ya yi tsami, in suka hau ya yi ɗaci, kuma harshe yana ganewa ko mai shi bai san dalili ba.

A nan ne ƙaramin injin nan ya burge ni. Tukunya biyu gare shi a ciki. Ka ga ruwan kofi yana son ya tsaya wajen digiri 93, shi kuwa tururin da ake kumfar madara da shi sai tukunya ta haura digiri 120, to injinan gida masu sauƙin kuɗi, irin su Gaggia Classic da Rancilio Silvia waɗanda mutane suka daɗe suna ji da su kuma sun cancanta, tukunya ɗaya ce take yin aikin biyu, sai ka gama kofi ka jira ta ƙara zafi don madara, in za ka sake wani kofin kuma ka jira ta huce, kafin ka gama na baƙo na biyu na farko ya yi sanyi. La Marzocco sun raba aikin tun 1970 a injinsu mai suna GS, kowace tukunya da nata, kuma wannan dabarar ce suka matse ta ta shiga cikin wannan ɗan akwati. Ta tururi lita 1.6 take ci, ta kofi kuwa 'yar mitsitsiya ce, an haɗe ta da bakin da kofin ke fitowa, don kada ruwa ya yi tafiya a bututu ya huce a hanya. Kuma saboda ƙanƙantar tata, minti biyar bayan ka kunna ya shirya. Dattijon ya kunna shi a gabana yana sanyi ƙalau, muka tsaya muna maganar ruwan saman da ya ƙi ɗaukewa, ban ankara ba ya ce bismillah, wato dai da nasu harshen. Manyan injinan gida da yawa sai sun yi rabin awa ko kusa da haka kafin ƙarfensu ya ɗumama sosai, shi ya sa masu su suke barinsu a kunne wuni guda, to a shekara irin wannan da kowa ke kallon mitar wuta, minti biyar ba ƙaramin abu ba ne.

Sai na haɗa. Ya niƙa min kofin Habasha wanda ba a gasa shi ya yi baƙi ba, na auna a sikeli, na baje shi da yatsa, na danne, na ɗaura mariƙin kwanon a bakin injin na murɗa shi ya kama. Da na tura ɗan hannun nan sai wasu ƙananan fitilu suka kama a ƙarƙashi suna haska kofin, abin da ban zata zai dame ni ba amma sai na ji daɗinsa, don ka san asubar hunturu a nan duhu ne, mutum ba ya son kunna babbar fitila ya tashi mutanen gida. Kuma sautin, mutumina! Ƙananan injina famfonsu karkarwa yake yi yana ɓarɓarniya har kofuna su riƙa rawa a kai, wannan kuwa famfo mai juyawa aka sa masa irin na manyan injinan kanti, gurnani kawai yake yi a hankali daga ciki, za ka iya ci gaba da magana ba ka ɗaga murya ba. An cire wa mariƙin gindi, don haka ina kallon ƙasan kwanon, da farko ɗigo-ɗigo baƙi ƙirin ya tsattsafo ta ko'ina, sannan suka taru a tsakiya suka zama zare guda siriri, wanda masu sana'ar a nan suke ce wa wutsiyar ɓera, launinsa yana sauyawa daga baƙi zuwa ja-ja zuwa ruwan ƙasa mai haske, na tsayar. Da na kurɓa sai na ji nauyinsa a harshe, da zaƙi-zaƙi a ƙasa, da ɗan tsamin 'ya'yan itace a sama, kuma ɗanɗanon ya daɗe a baki har na fita titi. Na sake yin wani nan take ba tare da na canja komai ba, ya fito daidai da na farko, babu bambanci ko kaɗan, kuma gaskiya wannan na biyun ne ya saye ni, domin kofi ɗaya mai daɗi kowane inji yana iya yin sa'arsa.

To yanzu ga abin da nake so in faɗa maka tun farko, abin da nake ta juyawa a raina a hanyar komawa gida. Abin da ya fi burge ni a injin nan shi ne abubuwan da ba a sa masa ba. Kasuwa yanzu cike take da injinan da za ka danna hoto a gilashi su niƙa su danne su zuba su kumfa madara, kai naka miƙa kofi kawai, kuma ban raina su ba, akwai gidan da su ne daidai da shi, gidan da kowa ke sauri da safe. Amma wannan ba shi da gilashi, ba shi da injin niƙa a jikinsa, ba ya zaɓar maka komai. Alkawari biyu kawai ya ɗauka, zai riƙe maka zafi zai riƙe maka matsi, sauran kuwa naka ne, laushin niƙa, yawan gari, yadda ka baje, lokacin da ka tsayar. In kofin ya yi kyau hannunka ne, in ya ɓaci ka san inda za ka duba, don ka tabbata ba injin ne ya canja ra'ayi ba. Ni a ganina wannan girmamawa ce ga mai shi. Kuma dattijon ya nuna min yadda ake kwance murfin sama, ya ce zoben roba da ƙananan bawul da duk abin da ke gajiya ana cire shi a sa sabo, sai ya tuna min da keken ɗinkin Hajiya, baƙin nan mai zanen zinariya, wanda ya ɗinka mana kayan sallah muna yara kuma na tabbata har yau in an ɗiga masa mai zai tashi, don an yi shi ne da niyyar a gyara shi ba a jefar ba. Abu mai irin wannan niyya yana wuyar samu a zamanin nan, shi ya sa in na gan shi nake jin wani abu a ƙirjina.

Amma ba zan ɓoye maka inda zuciyata ta ɗan tsaya ba. In kana son ka ƙara zafin ruwan ko ka rage, babu abin murɗawa a jikin injin, sai ka ɗauko waya ka buɗe manhajar kamfanin. Yayansa Mini na 2015 yana da 'yar ƙafa a gefe da ake juyawa da yatsa, shi an cire masa. Manhajar tana da amfaninta, kana iya sa masa lokaci ya kunna kansa kafin ka dawo daga masallaci da asuba, ka tarar ya yi zafi yana jiranka, wannan kam abin so ne. Sai dai ni abin da nake tunani, ƙarfen nan zai iya shekara ashirin yana aiki, waya kuwa da manhajojinta kowace 'yar shekara sai sun sauya, to bai kamata a ɗaura abu mai dogon rai a wuyan abu mai gajeren rai ba, da sun bar ɗan abin murɗawar ko da a ɓoye ne a baya, da hankalina ya fi kwanciya. Na biyu, tsakanin bakin da tiren da ke ƙasa wurin ya matse, ƙaramin kofi na espresso yana shiga lafiya, amma babban kofin shayi irin wanda kake so, balle a ce ka sa sikeli a ƙarƙashinsa, sai da dabara. Na uku, mariƙin nan an yi shi ne ya zama uku a ɗaya, ka bar shi ba gindi, ko ka manna masa baki ɗaya, ko baki biyu don mutum biyu, kuma bakunan na roba mai tauri ne ba ƙarfe ba. Dalilinsu mai kyau ne, ƙarfe mai sanyi yana shanye zafin kofi, roba ba ta yi, kuma wannan yana cikin abin da ya sa minti biyar ɗin ya yiwu, na yarda da hujjar ɗari bisa ɗari, hannuna ne dai ya fi son nauyin ƙarfe.

Madara fa, kar in manta, don na san uwargida ba ta shan baƙin kofi. Tururinsa yana da ƙarfi ƙwarai, cikin 'yan daƙiƙu madarar ta juya ta yi laushi tana sheƙi, babu manyan kumfa, kuma an lulluɓe sandar ta yadda ko ka taɓa ba za ta ƙona ka ba, abin da duk mai ƙananan yara a gida zai gode wa. Kuma tunda tukunya biyu ce, kofi yana sauka kana kumfar madara a lokaci guda. Mutanen nan dai cappuccino na safe ne a wajensu, bayan cin abincin rana ba sa kusantarsa, sun ce madara tana nauyaya ciki, to ka gaya mata ita ba ruwanta da wannan doka, ta sha abinta duk lokacin da ta ga dama.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mai wuyar. A Amurka dala 3,900 suka sa masa, kuma ka tuna ba ya niƙa, sai ka sayi injin niƙa daban. In lissafin riba za a bi, babu yadda za a yi ya fita, musamman a nan, inda za ka shiga kowane lungu ka tsaya a kanta ka ce a ba ka kofi, a miƙo maka a yuro ɗaya da 'yan canji, ka shanye a tsaye cikin kurɓa uku ku gaisa da mai shagon ka wuce. Shi ya sa yawancin gidajen Italiya ba su da irin wannan injin, 'yar tukunyar moka ce a kan murhu, irin wadda na aiko maka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, espresso kuwa na waje ne, na cikin mutane. A Napoli ma akwai wata al'ada da nake ƙauna, mutum ya sha ɗaya ya biya kuɗin biyu, na biyun a ajiye wa duk wanda ya shigo ba shi da ko sisi, ba ya sanin wanda ya biya masa, shi ma mai biyan ba ya sanin wanda ya sha, sadakar ɓoye ke nan tsantsa. Tunda na ambaci Napoli, kana ganin abin da Osimhen yake yi a ƙungiyar ƙwallonsu kuwa? Su ne a saman tebur aka tafi hutun gasar duniya, kuma ko a nan Firenze da ba sa ƙaunar kowa sai Fiorentina, in suka ji daga inda na fito sai sun ambace shi. Gasar Ƙatar kuwa ni da su duk 'yan kallo ne, Ghana ta hana mu zuwa, su kuma Masedoniya ta Arewa ta tare musu hanya, sai mu haɗu a kanta muna yi wa juna jaje.

To in zo kan tambayar da na san za ka yi, ko ka fara tara kuɗinsa. Ga shawarata tsakani da Allah. Injin nan ya kai a so shi, kuma wanda ya riga ya san hannunsa a espresso, yana sha kullum, yana son ya sayi abu sau ɗaya ya huta, ba zan hana shi ba. Amma kai ba daga nan za ka fara ba. Fara da injin niƙa mai kyau, mai haƙoran ƙarfe da ake matsewa a sassauta kaɗan-kaɗan, ko na hannu ne ya wadatar, domin garin da aka niƙa aka ƙulle a leda tun watanni ya riga ya mutu, ko a injin dala dubu goma ka zuba shi ruwa ne zai ratsa ya wuce. Ƙamshin kofi yana fara gudu ne 'yan mintuna bayan niƙa. Ka sa sabon niƙa a mokar nan taka, da wuta kaɗan, ka sauke ta da zarar ta fara ƙarar tafasa, za ka ji kamar an canja maka tukunya. Sannan kofin kansa, a samu wanda bai fi 'yan makonni da gasawa ba. Sannan ruwa, wanda mutane suka fi mantawa da shi, ka duba gindin butar shayinku, in farin abu yana daskarewa a ciki to shi ne zai daskare a tukunyar inji da siraran bututunsa ya toshe su, kuma ruwan rijiyar burtsatse yakan yi haka, dole sai an tace ko a nemi ruwa mai laushi. Sai wuta. Yana jan fiye da wat 1,500 lokacin da yake ɗumama, ƙaramin janareta ko inbatar da ke riƙe fanka da fitila ba za su ji daɗinsa ba, kuma wutar da ke hawa tana sauka ba ta yi wa allon lantarkin da ke cikinsa kyau, sai da abin daidaita wuta mai ƙarfi. Abu guda da ya zo da sauƙi, wutar Turai da tamu ɗaya ce, don haka in ranar ta zo daga nan za a saya, kada wani ya kawo maka na Amurka mai 110.

Kuma ka yi tunanin mai gyara tun kafin ka saya, ko da yake a nan ba na jin tsoro sosai, tunda kai ne. Zoben roba da 'yan kayan da ke gajiya ba su da nauyi, zan iya cusa maka na shekaru a aljihun jaka.

Wani abu da nake so ka yi min. Ka taɓa ce min abokin aikinka ɗan Gembu ne, to a tsaunin Mambilla ana noman kofi irin arabica, ko da yake ganyen shayin wurin ya fi suna, sanyin wurin da tsayinsa irin wanda itacen yake so ne. In zai je gida hutun ƙarshen shekara, ka roƙe shi ya samo mana ɗanye wanda ba a gasa ba, ko kilo ɗaya ne, busasshe sosai, a zuba a jakar yadi ba leda ba. Dattijon nan yana da ƙaramin injin gasawa a bayan shagonsa, na yi masa maganar ya ce bai taɓa ɗanɗana kofin Najeriya ba kuma yana so ƙwarai, ya yi alkawarin zai gasa mana shi a hankali mu gwada a jan injin nan tun kafin wani ya saye shi. Duk yadda ya fito zan rubuto maka, kuma rabin gasasshen naka ne, zan ba mai tahowa ya kawo maka tare da injin niƙan hannu da na riga na sa ido a kansa, kada ka ce za ka biya, ba zan karɓa ba.

Ka gaida malam babba in kun haɗu a masallacin Juma'a, da mutanen majalisa kowa da kowa, ka ce wa babban ɗanka ina nan ina jiran sakamakon jarrabawarsa, ya rubuto min da hannunsa. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Firenze